Yadda Ake Zaga Birnin Damagaram Domin Fahimtar Tarihinsa

Wanda ya je Zinder, wato Damagaram, da niyyar sanin tarihinta, abin da ya fi masa shi ne ya bi unguwanninta bisa jerin zamanin da aka kafa su, domin kowace unguwa tana ɗauke da labarin waɗanda suka taɓa riƙe garin. Damagaram gari ne na kan iyaka tun asali, tsakanin Barno da ƙasar Hausa da hanyar Agadas, kuma wannan matsayi ne ya tsara fasalinsa.

A fara da Birni da sanyin safiya, kafin rana ta take. Nan ne fadar Sarkin Damagaram take, kuma ba a kutsa kai cikinta kai tsaye: a gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. Daga fada sai a nemi ɗan gari, dattijo in an samu, ya nuna wa mutum ragowar garun birni, wanda mafi yawansa ya zube. Sunan da za a riƙa ji a nan shi ne na Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884. Shi ne ya ƙarfafa garun, ya tara bindigogi da igwa, ya mayar da Damagaram daula mai ƙarfi duk da cewa a suna tana ƙarƙashin Shehun Barno. A lura da yadda lunguna suke ratsawa tsakanin manyan duwatsu, da zanen da magina suka yi a fuskar gidajen ƙasa, domin a ganina ba a gane Birni daga cikin mota.

Daga nan sai a wuce Zango, unguwar fatake, inda ayarin Buzaye da Larabawan Tarabulus suke sauke raƙuma. Tazarar da ke tsakaninsa da Birni abin lura ce, saboda sarauta tana cikin garu, baƙi da dukiyarsu kuwa suna waje. A tambayi labarin Malam Yaro, attajirin da ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, shi ma ya yada zango a garin a ƙarshen 1852.

Mataki na uku shi ne barikin da Faransawa suka gina a kan tudun dutse, kuma a nan ya kamata a dakata a saurari labari da kyau. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya yi ta gwabzawa da Kano a lokacin Sarki Alu. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu a Tirmini, kusa da Zinder, suka shiga garin, ba da jimawa ba kuma aka kashe sarkin. Sun sa wa barikin sunan kyaftin ɗinsu, bayan samun 'yancin kai aka mayar da shi sunan Tanimu. Wurin na soja ne har yau, saboda haka kada a ɗaga waya da nufin hoto. A tsaya daga nesa a dubi yadda yake leƙen Birni daga sama, za a gane dalilin da ya sa aka zaɓi tudun.

A kewayen barikin akwai tsofaffin gine-ginen mulkin mallaka, na lokacin da Zinder take hedikwatar ƙasar Nijar, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ƙarancin ruwa, wanda har yanzu mutanen garin suke fama da shi, yana cikin dalilan da ake bayarwa, haka ma kusancin garin da Kano da ke hannun Ingilishi.

Sabon Gari da Kasuwar Dole ba sa buƙatar dogon bayani, a bar su sai la'asar. Wanda yake da sauran lokaci ya shiga gidan tarihi na garin, kuma in zai yiwu ya sa tafiyarsa ta dace da Sallah, lokacin da sarki yake hawa da dawakinsa.