Yadda ake rabuwa da yawan bacci, musamman na bayan asuba

Duk wanda ya zo min da kukan "bacci ya min yawa", abin da nake fara tambayarsa shi ne ƙarfe nawa yake kwanciya. Don mutum biyu ne ke wannan kukan kuma ciwonsu daban. Akwai wanda yake kan TikTok har ƙarfe 3 saboda datan dare ta fi araha, ya tashi 11 na safe, to wannan awa 8 ya yi, agogon jikinsa ne kawai ya juye. Akwai kuma wanda zai kwanta 10 na dare, ya tashi asuba ya yi sallah ido a rufe, ya koma sai hantsi ya dubi ludayi, bayan azahar ya sake ƙara awa biyu, kuma duk da haka ya wuni yana hamma. Na biyun nan shi ne mai yawan bacci na gaske, kodayake matakan da zan faɗa za su yi wa dukansu aiki.

Babban mutum awa 7 zuwa 9 yake buƙata a kwana. Yara 'yan shekara 14 zuwa 17 nasu 8 zuwa 10 ne, don haka iyaye a daina watsa wa ɗan sakandare ruwa ana kiransa malalaci don ya yi awa 9, jikinsa ne ke nema. Amma kai da ka haura ashirin in kullum sai ka wuce awa 9, akwai magana. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka kan ma'aikatan jinya mata sama da 70,000, aka bi su shekara 10 aka fitar da sakamakon a 2003, ya nuna masu yin awa 9 ko fiye sun fi masu awa 8 haɗarin ciwon zuciya da kashi 38 cikin 100. Wasu binciken kuma sun haɗa dogon bacci da ciwon suga, teba, shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa. Sau da yawa ciwon ne ya riga zuwa, baccin alama ce kawai, shi ya sa mataki na biyu a ƙasa yake da muhimmanci. Kuma a wannan binciken dai masu awa 5 ko ƙasa da haka haɗarinsu ya ma ɗara, to kar wani ya karanta wannan ya ce daga yau awa 4 zai riƙa yi don ya zama gwarzo.

Na yau da kullum kuwa ba sai an gaya maka ba. Ciwon kai da nauyin ido, ciwon baya saboda daɗewa a katifar da ta lotsa, mutuwar jiki, ka rasa karin kumallo sai ka haɗa shi da na rana ka cika ciki, cikin ya sake kwantar da kai, dare ya yi ido ya bushe, ka ɗauki waya, gobe a maimaita.

Mataki na 1: ƙirga na sati ɗaya

Kar ka canza komai tukuna. Ka samu takarda ka riƙa rubuta lokacin kwanciya, lokacin tashi na ƙarshe, da duk wani baccin rana ko da na "ɗan kishingiɗa" ne. Mutane ba sa ƙirga na rana kuma a nan awanni ke ɓuya. Takarda na ce, ba manhajar waya ba, don in ka buɗe waya da sunan rubuta lokaci WhatsApp zai ɗauke ka.

Mataki na 2: duba abin da kake haɗiya da abin da ke jikinka

Kafin ka zargi kanka da lalaci, buɗe ledar magungunanka. Piriton da yawancin magungunan mura da ake saya a kemis suna sa bacci, haka diazepam, haka maganin tari mai kodin wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018 amma har yanzu yana yawo. In likita ne ya ɗora ka a kan magani, na farfaɗiya ko na ƙwaƙwalwa misali, kar ka yanke da kanka, ka koma ka ce masa yana kwantar da kai, sau tari lokacin sha kawai zai canza maka.

Sai gwaji. Ƙarancin jini yana sa kasala da bacci sosai, musamman mata masu zubar jini da yawa lokacin al'ada da masu jego. Suga in ya hau yana sa gajiya. Akwai ƙwayar nan ta maƙogwaro da likitoci ke kira tayiroid, in ta yi sanyin aiki mutum sai ya yi ta bacci yana ƙiba yana jin sanyi. Mai ciki a watanni ukun farko kuwa a ƙyale ta ta yi baccinta. Gwajin jini da na suga dai ba wani kuɗi ba ne in ka kwatanta da abin da kake zubawa a data duk wata, na tayiroid ne ya ɗan fi tsada kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke yi ba, sai a bar shi sai likita ya ce.

Mataki na 3: tsayar da lokacin tashi guda ɗaya

Kusan kowa da lokacin kwanciya yake farawa, ya haye gado ƙarfe 9 yana juyi har 1, ya ce abin ba ya aiki. Ba za ka iya tilasta wa kanka bacci ba amma tashi a hannunka yake, to daga nan ake kamawa, lokacin kwanciya da kansa zai biyo baya in jiki ya gaji.

Kuma kar ka yi tsalle daga 11 zuwa 5 a rana ɗaya. Na ga masu yin haka da yawa, kwana biyu suna ta cika baki a status, rana ta uku a neme su a rasa sai azahar. Ka riƙa ja baya da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku. In ka saba tashi 11, sallar asuba dai a kan lokacinta, ka koma, amma alam ɗinka 10:30, sai 10, sai 9:30, a haka har ka iso inda kake so. Wanda kuma yake kwanciya 10 na dare, lissafinsa ya riga ya cika, daga 10 zuwa 5 awa 7 kenan, in bai ishe shi ba ya dawo da kwanciyar 9:30, amma komawa bayan sallah babu ita.

Mataki na 4: rabin awan nan na bayan tashi

Nan ne kowa ke faɗuwa, kuma nan zan daɗe.

Tashi ba shi ne wahala ba, ladan ma yana tashinka. Wahalar ita ce magagin bacci, wannan nauyin da kake ji minti 15 zuwa 30 na farko, wani ma har awa ɗaya. A lokacin ƙwaƙwalwa ba ta gama farkawa ba, kuma duk shawarar da za ta ba ka ɗaya ce, ɗan kwanta minti biyar. Mutane sai su ɗauka wannan nauyin yana nufin baccin bai ishe su ba, alhali wanda ya yi awa 8 cif shi ma yana jinsa, kuma da za ka daure ka tsaya da ƙafafunka zai wuce da kansa. Matsalar komawa ita ce bacci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, in ka koma ka shiga sabo, ko dai alam ya katse shi a tsakiya ka tashi kai ya fi na ɗazu nauyi, ko ka kashe alam ɗin ba ka sani ba sai zafin rana ya tashe ka. Shi ya sa danna "ƙarin minti biyar" a waya ni a wurina haramtacce ne, ka cire shi daga saitin gaba ɗaya, kuma alam ɗaya za ka sa ba guda bakwai a jere ba, mai guda bakwai ya riga ya koya wa kansa cewa shidan farko wasa ne.

Tunda ba za ka yarda da kanka na asuba ba, tun da dare za ka shirya masa tarko. Waya ta kwana inda sai ka taka ka je, bakin ƙofa ko falo. Kana miƙewa, kafin ma ka shiga bayi, ka ɗage gidan sauro ka naɗe shimfiɗa, in katifar ƙasa ce ka jingine ta da bango. Wannan ƙaramin abu ne amma wallahi ya fi duk wata nasiha aiki, don ƙiwar sake shimfiɗawa kaɗai ta isa ta hana ka. Alwala da ruwan sanyi, sai dai in hunturu ya yi tsanani ko ba ka da lafiya.

Maza masu zuwa masallaci sun samu sauƙi, tafiyar da iskar waje sun yi rabin aikin, abin da ya rage kar ka yi sallama ka zarce gida da gudu, ka zauna ka yi azkar ɗinka ko karatu har gari ya fara haske. Mata ne abin ya fi kamawa, don dadduma tana nan gefen gado, ana sallamewa sai a ce bari in jingina in ja carbi, shikenan an tafi. 'Yar uwa ki fitar da daddumar falo ko tsakar gida, ki kunna fitila mai haske, azkar a zaune ba a kishingiɗe ba. Sannan akwai zagaye na biyu da ke jiran ki, wato bayan yara sun tafi makaranta maigida ya fita gida ya yi tsit, wannan baccin na 8 zuwa 11 shi ne ke cinye safiyar matan aure da yawa. In jego kike ko yaro ya hana ki runtsawa da dare, ki yi abinki, ramuwa ce. In ba haka ba, ki ajiye wa wannan lokacin aikin tsaye tun jiya, wanki ko cefane ko tuyar sana'a, kar ki bar shi fili.

Sai haske. Rana na fitowa ka fita waje minti 15 zuwa 20, ba ta taga ba, waje sosai. Hasken safe da ke shiga ido shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta tsayar da sinadarin melatonin mai kawo bacci, kuma shi ke saita agogon jiki yadda dare na yi bacci zai zo da wuri. Mu da rana ba ta yanke mana ba duk shekara wannan kyauta ne, Turawa a lokacin sanyinsu fitila suke saya musamman don wannan. Ka taka ka sayo koko da ƙosai da kanka maimakon aiken yaro, ka yi shara, ka raka yara makaranta.

Kuma gaskiyar da ba a so a faɗa, wanda ba shi da abin da zai tashi ya yi ba zai daɗe yana tashi ba. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 da ya kai wata 8, ɗalibai nawa ne suka koma kwana ido biyu wuni a kwance? Haka wanda ya gama bautar ƙasa yana jiran aiki. Dole ka ƙulla wani abu na safe da wani mutum zai jira ka, buɗe shagon yayanka, islamiyyar safe, koyon ɗinki, ko ƙwallon safe, abin da in ba ka je ba za a kira ka a ji ko lafiya. Hadisin nan da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito na addu'ar Manzon Allah (SAW) a sanya wa al'ummarsa albarka a sammakonta, sahabin da ya ruwaito shi Sakhrul Gamidi ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa, ya kuma yi arziki.

Sai a lura da yanayi. A bazara, watan Afrilu ga zafi ga babu wuta, ba ka samun baccin kirki sai sanyin asuba ya sauko, to a nan gyaran na dare ne, wanka kafin kwanciya, a fito tsakar gida da gidan sauro. Bayan azumi ma agogon kowa a juye yake, ka ba shi sati ɗaya zuwa biyu kana jan lokacin a hankali.

Mataki na 5: ƙailula da iyaka

Ba na hana ta, tana ma taimakawa a satin farko. Minti 20 zuwa 30, tsakanin azahar da la'asar, da alam, a kan tabarma ko kujera ba a gado ba. Bayan la'asar kuwa ko gyangyaɗi kake ka tashi ka taka, in ka kwanta ka sayar da baccin darenka.

Mataki na 6: dare

Goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemukan ƙara kuzari duk kafin ƙarfe 3 na rana, don sinadarin caffeine mai hana bacci da ke cikinsu yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Tuwon dare a ci da wuri, kusa da magariba. Hirar majalisa a yanke ta, waya ta tafi wurin kwananta. Asabar da Lahadi kar ka wuce lokacin tashinka da fiye da awa ɗaya, in ba haka ba Litinin daga farko za ka kama.

In ka yi sati uku zuwa huɗu a haka kuma har yanzu bacci na fizgarka kana tuƙi ko kana kan babur, ka ajiye tuƙin ka je asibiti. Haka in baccin ya zo da ƙuncin zuciya, ba ka son ganin kowa, abin da kake jin daɗinsa da ya fita ranka, wannan na iya zama ciwon damuwa kuma ana maganinsa. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, shi ko awa 10 ya yi ba zai ƙoshi ba don baccin a yanke yake bai sani ba, kuma yana tafiya da hawan jini. Ka sa matarka ko wanda kuke ɗaki ɗaya ya ɗauki sautin a waya na minti biyu ko uku, ka tafi da shi ka kunna wa likita, tare da takardar nan ta mataki na 1.