Yadda Ake Saita Rabon Adireshi a Rautar Gida

Da farko, haɗa kwamfutarka da rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ka buɗe burauza, sannan ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, gwargwadon abin da ke rubuce a jikin na'urar. Bayan ka shiga, nemi sashen LAN (na haɗin na'urorin cikin gida) ka kunna DHCP, wato tsarin da ke raba wa kowace waya da kwamfuta adireshi (lambar da rautar ke gane kowace na'ura da ita) da kansa.

A ganina, nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa, domin bai kamata rabon ya cinye dukkan adireshin ba. Idan rautar tana kan 192.168.1.1, taƙaita rabon daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.199, ta yadda firinta da kyamara za su samu tsayayyen adireshi a ƙasa da haka ba tare da cin karo ba. Daga nan sai ka adana, ka sake kunna rautar.