Babi na Shida: Sankarar Mama Mai Saurin Dawowa

Sankarar mama iri-iri ce. Idan likita ya yanko ɗan tsoka daga ƙarin ya aika ɗakin gwaji, abu uku ake nema a jikin ƙwayoyin cutar. A takardar sakamako ana rubuta su da ER da PR da HER2. Ki ɗauke su kamar marfin tukunya mai maɗauki: inda akwai maɗauki, magani yana samun wurin kamawa. Akwai irin da ake samun duka ukun babu. Likitoci kan rubuta mata TNBC. A duniya, cikin mata 100 masu sankarar mama, 10 zuwa 15 ne ke da ita, amma ta fi haka yawa a matan Afirka ta Yamma, kuma tana yawan kama waɗanda ba su kai shekara 40 ba.

Wannan iri ba ya jin tamozifen, ƙwayar nan da wasu mata ke sha shekara biyar ko goma bayan tiyata. Kada ki ga maƙwabciyarki tana sha ki ce a sayo miki. Maganinki shi ne kemo, wato magani mai ƙarfi da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin sankara, da tiyata, da gashi da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura.

Abu ɗaya kafin mu wuce. Tsokar da aka yanko dole ta shiga ruwan fomalin, mai hana tsoka ruɓewa, cikin awa ɗaya, ta zauna a ciki awa 6 zuwa 72. Idan aka bar ta a sarari cikin zafi, ko aka ba ɗan uwa ya yi ta yawo da ita a leda, gwajin zai iya nuna babu alhali akwai, mace ta rasa maganin da ya dace da ita. Ku tambaya tun kafin a shiga tiyata: ina za a kai tsokar, kuma a cikin me?

Yaushe take dawowa?

Haɗarin ya taru ne a shekaru uku na farko. Daga nan sai ya riƙa sauka, bayan shekara biyar kuwa ya ragu ƙwarai. Irin da ke jin tamozifen takan yi lamo ta dawo bayan shekara 10 ko 20, wannan kuwa in za ta dawo da wuri take dawowa. Saboda haka shekaru ukun nan su ne na sa ido.

Dalilin dawowarta shi ne wasu ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido da hoto ba sa gani, kan bi jini su bar maman tun kafin tiyata. Kamar ciyawar da aka nome ce, an cire ta sama amma iri ya riga ya zube. Aikin kemo shi ne bin wannan iri ko'ina yake.

Me ke ƙara haɗarin?

Girman ƙarin yana da tasiri: wanda bai wuce santimita 2 ba, wato kamar ƙwayar gyaɗa babba, ya fi sauƙi kan wanda ya haura santimita 5, ya kai ƙwan kaza. Haka nan yawan kaluluwar hammata da cutar ta shiga.

Mafi bayyana gaskiya shi ne yadda ƙarin ya ji kemo. Yanzu akan fara kemo kafin tiyata. Idan aka duba abin da aka cire ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba, kusan mata tara cikin goma ba ta dawo musu cikin shekara biyar. Idan an ga saura, haɗarin ya fi girma, amma akwai abin yi. Likita kan ƙara ƙwayar kafesitabin: a sha mako biyu, a huta mako ɗaya, zagaye shida zuwa takwas. Tana iya sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su tsattsage, ko ta kawo gudawa. In haka ta faru a gaya wa likita ya rage, kada a yar da maganin a yi shiru.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yanke magani a tsakiya. Akan yi kemo duk bayan kwana 21. Mace ta yi zagaye uku, ƙarin ya motse, gashin kai ya zube, kuɗi ya ƙare, sai dangi su ce ai ta warke. A nan ne ragowar cutar ke samun sarari. Wasu kuma sukan ce daji ba ya son allura, a koma tsaga da sakiya da shafe-shafe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Tun ranar farko iyali su zauna su lissafa kuɗin dukkan zagayen, har da na mota da masauki, domin gashi da na'ura sai a manyan asibitoci irin na Shika a Zariya, da Sakkwato, da Abuja, ko Yamai ga mutanen Nijar. Ana yin sa kwana biyar a mako, tsawon mako uku zuwa biyar.

Alamomin da ba a zama da su

Sau ɗaya a wata, bayan wanka, ki shafa tabon tiyata da tafin yatsu uku. Ki bi ƙirji, hammata, gindin wuya, sannan ɗaya maman. Ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake, ko fata ta yi ja ta yi kauri, ko gyambon da ya ƙi warkewa, duk na kai wa likita ne.

Wannan iri ta fi son huhu, da ƙwaƙwalwa, da hanta. Tarin da ya wuce mako biyu, ko haki daga ɗan zuwa rijiya, kada a ce sanyi ne kawai. In an ce tarin fuka ne, ki shaida wa ma'aikacin lafiya cewa an taɓa yi miki maganin sankara. Haka ciwon kai mai tsanani da asuba tare da amai, ido ya yi rawaya kamar mai shawara, rama ba dalili, ko ciwon ƙashi a wuri ɗaya mai hana barci. Jijjiga, ko ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu da kasa riƙe fitsari, waɗannan ba sa jiran gobe. A tafi asibiti a ranar.

Komawa asibiti

Ko kina jin garau, ki ga likita duk wata uku zuwa shida a shekaru uku na farko, duk wata shida zuwa shekara a ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Hoton mama sau ɗaya a shekara. Hoton jiki duka sai in akwai alama. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, tana taimakawa, haka ma rage ƙiba. Idan uwa ko 'yar uwa ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mace, ki faɗa, domin akwai gadon da ake kira BRCA1 mai yawan haifar da wannan iri.

Aikin aji: kowace ɗaliba ta ja layi uku a littafinta, ta rubuta "Ranar komawa", "Abin da na ji", "Abin da likita ya ce". Mara lafiya ta riƙa tafiya da irin wannan shafi, tare da takardar sakamakon gwajinta a cikin leda.