Babi na 6: Auna Mazubi Kafin a Zuba

Darasi na 1

Python da PHP da Lua kowanne yana da tafinta, wato manhajar da ke karanta umarninku ta sa kwamfuta ta aikata. Tafintocinsu na asali da yaren C aka rubuta su. Shi kuwa C ba ya kwaɓar mutum. In kun ce ya kwafi baiti 20 (baiti ma'aunin bayanai ne a kwamfuta, kamar gurbin harafi guda) cikin gurbin da ke cin baiti 10, zai kwafa, sauran goman su malale kan bayanan da ke maƙwabtaka.

Umarnin kwafin shi ne memcpy. Abu uku yake karɓa a jere: inda za a zuba, inda za a ɗebo, sai yawan baiti. Bai san girman mazubi ba. Ku ne za ku sani.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku ɗauki biro ku rubuta Kano. Ku ɗora yatsa kan kowane harafi ku ƙirga. Huɗu ne, madalla. Amma a C kowane rubutu yana ƙarewa da baitin sifili wanda ido ba ya gani. Mazubin Kano baiti 5 ne. strlen, umarnin da ke ƙirga tsawon rubutu, zai ce muku 4, domin ba ya ƙirga sifilin. Ku ƙara ɗaya.

Yanzu Zinder. Shida, da ɗaya, bakwai. Yawwa, haka ake yi. Wanda ya manta kada ya ji kunya, ya sake.

Sai gwaji: abin da za ku kwafa, haɗe da ɗayan nan, ya fi mazubi? In ya fi, ku tsaya, ku mayar da saƙon kuskure. Ku auna, ku ƙara ɗaya, ku gwada, sannan ku kwafa.

Haba jama'a, mako uku ina maimaita wannan, har yanzu ina ganin memcpy ba gwaji a samansa! Irin wannan sakacin ne ya haifi Heartbleed, ɓarakar tsaron da aka gano a 2014 a OpenSSL, manhajar tsare sirrin bayanai a intanet: aka gaskata tsawon da baƙo, wato mai turo saƙo daga waje, ya faɗa, sirrin mutane ya riƙa tsiyaya, har kilobaiti 64 a ɗiba guda. Tafinta kullum rubutun baƙo yake karɓa. Ku auna da kanku.

Darasi na 3

In wurin ɗiba da wurin zubawa sun hau juna, memcpy ba abin dogaro ba ne. Ku sa memmove, umarnin kwafin da ke jure hakan.

Darasi na 4

strcpy, umarnin kwafin rubutu, ba ya tambayar tsawo ko kaɗan. Ku bar shi. Aikin gida: ƙirga mazubin sunan garinku.