Yadda Ake Shirya Buɗin Wasa Kafin Gasar Ces

Yawancin matasanmu na Bauchi da ke kashe kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas don gasar ces mai makin FIDE (hukumar ces ta duniya), tun kafin motsi na goma ake gama da su. Haddar buɗi, wato motsin farkon wasa, suke yi a YouTube, da zarar abokin karawa ya kauce wa abin da suka haddace sai su rasa tudun dafawa.

Da farko zaɓi buɗi ɗaya ka zauna a kansa. Idan kana da fari, buɗin Italiyan ya ishe ka: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 (a rubutun ces N doki ne, B bishof, Q sarauniya, sunan gida kaɗai kamar e4 motsin soja ne, x ci, + kuma hari kan sarki). Idan baƙi ne a hannunka, in fari ya buga e4, ka amsa da e5. Ni ban yarda sabon shiga ya taɓa buɗin Sisiliyan (buga c5 bayan e4) ba, lokacinsa bai yi ba.

Yanzu ga inda ake zubar da wasa. Kana da baƙi, ka buga 3...Nf6, sai fari ya jefo 4.Ng5. Dokinsa da bishof ɗinsa duk sun sa ido a kan f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi. Ka tare da 4...d5, ya ci da 5.exd5. A nan hannu ke saurin kai wa 5...Nxd5 don rama soja. Kada ka kuskura! Zai sadaukar da doki da 6.Nxf7, sarkinka ya ci, 7.Qf3+ ta biyo, ka tsinci sarkinka a e6, tsakiyar fili, agogo kuma na ci. Abin bugawa shi ne 5...Na5, ka kori bishof ɗin. Bayan 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 ya fi ka soja ɗaya, amma kayanka za su riga nasa fitowa. In ba ka son wannan rigimar gaba ɗaya, buga 3...Bc5, doki ya zo g5 sarauniyarka ta cinye shi.

Ka jera wannan a kan allo na gaske, da hannunka, kai da aboki kuna musayar launi. Lichess, manhajar buga ces a intanet, kyauta ne, sai ɗan data, amma waya ba ta koya maka dokar gasa cewa abin da ka taɓa shi za ka motsa.

Ranar gasa kada ka shiga zauren da waya, ƙararta kaɗai na iya janyo maka asarar wasa. Rubuta kowane motsi, ka ɓoye sarkinka da wuri. Da an tashi, nemi abokin karawarka ku duba inda wasan ya fara karkata.