Yadda za ka ratsa gosulo da babur

Da farko ka ɗaure hular kwano, ka koma giya ta ɗaya ko ta biyu, yatsu biyu a kan birki. Kada gudunka ya wuce na motocin da ke gefenka sosai, ya zama ko yaro mai tallar ruwa ya faɗo gabanka za ka iya tsayawa nan take.

Sai ka zaɓi rata ɗaya ka bi ta. Yawan kutse hagu da dama shi ke rikita direbobi.

Idonka ya kasance a kan tayar gaba ta motar da za ka wuce. Da ka ga ta karkata, direba zai fita daga layi, dakata masa. Adaidaita sahu kuwa ba shi da tabbas, fasinja na ɗaga hannu zai yanko gefe ba sigina. Motar haya idan ta tsaya, ka sa ran za a buɗe ƙofa.

Tirela da tanka, don Allah kada ka shiga gefensu, balle a kwana ko shataletale. Idan ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.

Ratar ta matse? Sauke ƙafa ka jira. Motoci na fara gudu, koma cikin layi.