Yadda Ake Gyaran Rufin Soro Kafin Damina

A ƙauyukan Kano da Jigawa, watan Afrilu ne ya fi dacewa a hau soro, tun kafin hadarin farko ya haɗo, domin ɗanyen yaɓe ba ya jure dukan ruwa. A fara daga cikin ɗaki, a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka ji cikinta fanko, gara ce ta cinye ta, kuma sauya ta wajibi ne.

Daga nan sai a hau sama, a kankare yaɓen da ya ɓamɓare, a yayyafa ruwa cikin kowace tsaga, sannan a cike ta da jar ƙasa wadda aka kwaɓa da ciyawar ramno aka bar ta ta kwana ta yi danƙo. Bakin indararo ya fi ko'ina buƙatar kulawa, don nan ruwa ke kwanciya, saboda haka a tabbatar rufin ya gangara zuwa gare shi. Idan ya bushe, a yi yaɓen ƙarshe da ƙasar da aka kwaɓa da ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa.

Ni dai ba na goyon bayan shafa siminti a kan ƙasa, domin yakan tsage, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya ruɓar da azara ba a sani ba.